Mai Hoton Filin Ƙanƙara

Ɗan'azumi ya koyi ɗaukar hoto a Funtuwa, wurin taron suna, inda farar riga kan yaudari kyamara har fuskar mai ita ta ɓace. Da karatunsa ya watse a Manchester, wannan ilimin ne ya rufa masa asiri. A zauren wasan hoki na kan ƙanƙara hotunan kowa dusu-dusu suke fitowa saboda farin ƙanƙarar, shi kuwa sai ya ƙara haske kamar yana gaban alhazai masu fararen riguna.

Shekara shida yana tsaye cikin sanyin nan, har yatsunsa suka sandare. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe zauren. Ranar ƙarshe ya ɗauki hoton ƙanƙarar tana narkewa. Hasken ya zauna daidai, sai dai babu fuska ko ɗaya a ciki.