Naman Nawa Ne

Na sha maganin tarin fuka har fitsarina ya koma ja kamar zoɓo, amma tarin ko gezau. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Hedimasta ya kira ni ofis, yana magana yana ja da baya, ya ce iyaye sun koka, in zauna a gida sai na warke. Na ji haushi ƙwarai, don na ga take-taken za a ba wata ajina.

Gwajin majina bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba. Daga baya wani likita ya gutsuro ɗan nama daga huhuna, aka daskarar da shi cikin wani abu mai kama da kyandir. Ya ce ya duba a madubinsu, ya kasa tantance ko kumburi ne ko ciwon daji. Wai sai an aika naman Ingila an binciki ƙwayoyin halittarsa: in fararen ƙwayoyin jinin da suka taru a wurin duk tsatsonsu ɗaya ne, to limfoma ce, wani irin ciwon daji.

Babana dattijon coci ne a Sabon Gari. Da ya ji, sai ya kafe.

"Naman mutum ƙasa ake ba wa, 'yata. Karɓo mu binne. Ranar tashin matattu ina za ki nemo shi?"

"Baba, wanda ya halicce ni ya san hanyar Ingila. Kuma naman nawa ne."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya daina yi mini magana, ni kuwa na sa hannu aka aika.

Sakamakon ya daɗe kafin ya zo. Likita ya yi ta kame-kame, sannan ya ce limfoma ce, mai tafiyar hawainiya, ba kasafai ake ganinta a huhu ba. Na tambaye shi ko ana ɗauka. Ya ce sam. Na tuntsire da dariya har ya zaci na zautu. Tsoron ya zo daga baya, kuma ya zo da ƙarfinsa.

Ranar Litinin na sa atamfata mafi kyau na shiga makaranta. Hedimasta ya miƙe, yana neman inda zai raɓe.

"Malama, kin warke ke nan?"

"Ban warke ba, ranka ya daɗe. Daji ne da ni, ba kuma wanda zai ɗauka. In zai kashe, ni kaɗai zai kashe. Ba ni alli."