Birgin Baba da Ruwan da Ya Tafi

Ranar da zan bar Yawuri zuwa karatun digiri na biyu a Malesiya, Inna ta ba ni abin da hankali zai ɗauka: yaji da kuka da daddawa. Baba kuwa birgi ya ba ni, ragar nan ta jifa mai dalma a baki, wadda ya saƙa da hannunsa. Saboda nauyinta sai da na fitar da littattafai biyu daga akwati.

"An ce ƙasar ruwa ne ya kewaye ta," in ji shi. "In da sauran jininmu a jikinka, ka jefa shi a teku ka faɗa mini abin da ya kamo. Ka dai san ƙa'ida."

Na sani. A gidanmu na Sarkawa masunta ba a jefa raga a baƙon ruwa sai an kai wa sarkin ruwan wurin gaisuwa da goro, kifin farko kuma nasa ne. Baba bai taɓa cewa ya ji haushin na bar kamun kifi na bi makaranta ba. "Ɗan boko" kawai yake ce mini a gaban ƙannena da suka gaje shi, kuma abin yana yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa.

Shekara ɗaya da rabi birgin yana ƙarƙashin gadona a unguwar Setapak, a hawa na goma sha huɗu. Lokacin Baba ba shi da waya, sai in kira mai shagon waya na bakin kasuwa a aika a kirawo shi. Bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: "Tekun nasu bai iso unguwarku ba har yanzu?"

Da na gaji, sai na samu goron da wani ɗalibi ya taho da shi daga gida, na lallaɓi abokin zamana ya raka ni. Bakano ne mai karatun kwamfuta, wanda ruwan da ya sani bai wuce kududdufin bayan gidansu ba, amma ya fi ni jin Malayanci. Wata Asabar da sassafe muka hau jirgin ƙasa zuwa Port Klang da ke bakin teku, muka ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa mai inji na wani dattijo Bamalaye. Pakcik muke ce masa, wato Kawu.

Na shiga jirgin nan da girman kai, na fito da shi ma, amma a tsakani na sha kallo. Itatuwa ne tsaye a kan saiwoyinsu cikin ruwa, birai suna hawa da sauka, shaho yana sauko wa kifi a gabanmu ba ko kunya. Muka wuce gari guda da aka gina kacokan a kan turaku, har da makaranta da masu kekuna. Muka wuce na biyu, inda aka shanya ƙananan jatan lande a kan katako har warin ya tarbo mu tun daga nesa. Ni ina ta yi wa Bakano bayanin ruwa, shi kuma ya rungume rigar ceto biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

A gari na uku na ce a tsaya, nan zan jefa. Pakcik ya ɗaure jirgi a jikin gadar katako, ya ƙwanƙwasa agogonsa ya yi magana.

"Cewa ya yi mu dawo before twelve," in ji Bakano. "Wai ruwa zai sauka."

Na yi dariya. Ni za a gaya wa saukar ruwa? A kogin Neja ruwa yana sauka mana, amma wata da watanni yake ɗauka, kana kallo tsibirin yashi yana fitowa kaɗan-kaɗan. Na ce wannan irin hanzarin direbobin tasha ne, so yake ya koma ya yi wani lodin.

"Mutumina, just throw the thing mu tafi lah," in ji Bakano, har da "lah" ɗin da 'yan Malesiya ke liƙa wa magana. "Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani, kuma Baba yana jin ƙarya a murya ko ta waya ce.

Neman sarkin ruwa ya ba mu wahala, don garin na Sinawa ne kuma ba su da wannan sarautar. Daga ƙarshe wata mai shayi ta nuna mana gidan wani tsoho da ta ce duk rigimar masu jirage wurinsa ake kai ta. Muka same shi da singileti da gajeren wando yana gyaran fanka. Na cire takalmi na durƙusa, na miƙa goro da hannu biyu. Bakano ya yi fassara iya ƙarfinsa, da Malayanci da Turanci da nuni da hannu. Tsohon ya gutsuri goro, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye. Nan take na san dattijon kirki ne.

Sai ya ce a ɗauko masa birgin. Ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kira maƙwabta su zo su ga saƙar Afirka. Aka kawo shayi. Ya aika wurin wata Bamalayiya aka kawo mana shinkafa da kifi, don ya gane mu Musulmi ne. Bakano yana ta taka mini ƙafa yana nuna agogo, ni kuwa ban ga yadda za a yi in miƙe a gaban babba bai sallame ni ba. Ƙarfe ɗaya ta gota kafin ya ɗaga hannu ya ce in je in jefa.

Na saɓa birgi na fito da tafiyar gidanmu. Muna isa bakin gada na tsaya. Babu teku. Laka ce baƙa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ƙaguwa suna yawo a kai, jirginmu ya kwanta a gefe guda, Pakcik yana zaune a ciki yana shan taba.

Bakano ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe ɗan Sarkawa, ina ka kai ruwan mutane?"

Na karanta wannan abu na janyewar teku da dawowarsa a aji uku na sakandare, har na ci shi a jarrabawa, amma ban taɓa ɗauka da gaske ake yi ba. Awa huɗu muka yi a kan gadar nan, muka yi azahar muka yi la'asar, mutanen gari suna zuwa ɗaya-ɗaya kallon baƙon da ya zo kamun kifi a laka. Can sai ga ruwan yana dawowa abinsa, ko sannu bai ce mana ba.

Jifar farko birgin ya tafi a dunƙule. Ta biyu ya kusa tafiya da ni. Ta uku hannuna ya tuna, birgin ya buɗe zagaye sosai, har Pakcik ya gyaɗa kai. Da na jawo, kifi ɗaya ne a ciki, tsawon ɗan yatsana.

Na kai wa tsohon a tafin hannu, ina jin kunya, don a bayan gidansa kwanduna ake saukewa daga manyan jirage. Ya miƙe tsaye ya goge hannu a singileti, ya karɓa da hannu biyu.

Washegari na kira shagon waya aka kirawo Baba. Na gaya masa komai, har tafiyar ruwan.

"Ya tafi ina?" in ji shi.

Shi ne karo na farko da Baba ya tambaye ni wani abu game da ruwa don bai san amsar ba. Na yi masa bayanin wata da yadda yake jan teku. Ya ce uhm, irin na wanda bai yarda ba.

"Kifin, ya karɓa?"

"Ya karɓa, Baba. Da hannu biyu."

"To ka wanke birgin da ruwan daɗi, gishiri yana cin zare. Sai an jima, ɗan boko."

Baba bai iya kashe waya ba, ajiye ta kawai ya yi a kan benci. Ina riƙe da tawa a kunne na ji hayaniyar kasuwa, na ji mai shago yana tambayarsa ko lafiya.

"Lafiya lau. Babban ɗana ne," in ji Baba, da muryar da yake kiran jirgi daga tsallake. "Ya jefa birgi a teku, ya kama, sarkin ruwan can ya karɓa."

Mai shago ya tambaye shi girman kifin. Na ƙara manna wayar a kunne.

"Ba a auna kifin farko," in ji Baba.

Wannan ƙa'idar ban taɓa jin ta ba, kuma na tabbata a kan bencin nan aka kafa ta.