Gwaggo da Harawar Bayan Gida

Rabin rayuwarta Gwaggo ta yi tana goge daɓen asibiti, kuma ba a taɓa jin ta ce wa wani ya kama mata bokiti ba. Doguwar mace ce mai kaifin harshe, ga tsabta har ta ishi mutane. Aure ɗaya ta yi, bai yi daɗi ba, ta kwaso kayanta ta dawo gidan ubansu, ta kama ɗan filin da ke bayan gida tana shuka wake.

Filin nan yana da doka tun mahaifinsu na da rai: duk wanda ya kwashe harawa bayan an gama roron wake, shi ke da shukar baɗi. Tsohon ya kafa dokar ne don maganin ragwayen gida, masu son ci ba sa son sunkuyo. Gwaggo kuwa ba ta taɓa bari wani ya riga ta ba.

Bana sai ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Tana kwance 'ya'yan ƙaninta suka rore mata waken, ta sa musu albarka. Da ganyen ya soma bushewa, sai ga ƙanin nata, wanda kowa ke ce wa Direba, ya shigo ɗakinta da lemo a leda, murya kamar ta mai lallashin jariri. Mutumin nan ya daɗe yana auna filin da ido, so yake ya zuba tsakuwa ya riƙa ajiye motarsa.

"Yaya, ki huta abinki. Gobe yara za su kwashe miki harawar nan."

"Sannu da tausayi," in ji ta. "Yaushe ka koya?"

Ranta ya ɓaci, kuma ta tsorata, don ta san in filin ya tafi, abin da ya rage mata a duniya gado ne da kallon rufin ɗaki.

Washegari da yaran suka fito, suka tarar da ita zaune a kan 'yar kujera tsakiyar kunya, sanda a gefe, lauje a hannu. Ta kore su da ido kawai. Ba ta tumɓuke waken, daga gindi take yankewa ta bar saiwar a ƙasa ta ƙara wa filin ƙarfi. In ta yanke sai ta naɗe, ta ɗaure, ta ja kujera gaba tana cije leɓe. Aikin da a da take gamawa kafin azahar, ga shi kwanaki sun tafi ko rabi ba ta kai ba. Matar Direba kan kawo mata ruwa, ta karɓa ta sha, amma ko igiya ba ta yarda a miƙo mata.

Rannan kujerar ta goce, Gwaggo ta kife a kan kunya. Direba ya taho a guje ya ɗaga ta, ya ga tafin hannunta duk ya fashe, sai idonsa ya kawo ruwa, wannan karon tausayin na gaske ne. Ya sunkuya zai ɗauki dami ɗaya.

"Ajiye," ta ce tana haki. "Ko tsinke ka ɗaga, cewa za a yi kai ka kwashe."

"Haba Yaya, in kika mutu a nan fa?"

"Sai ka kwashe har da ni, ka zuba tsakuwarka."

Ya ajiye damin a inda ya gan shi. Ta gyara kujerarta da kanta, ta laluba ta ɗauki laujenta.