Baban Taurari Ya Nemi Fita

Maƙwabcina, wanda yaran layinmu ke kira Baban Taurari, a gidan nune-nunen kimiyya yake aiki, cikin wani ɗaki mai rufi kamar kifaffiyar ƙwarya, ko taga babu. Aikinsa ya kashe fitila, ya murza hannun na'ura, taurari su watsu a rufi, ya hau bayani.

Na taɓa shiga kallo. Ya nuno wani ƙaton gungun taurari yana juyawa kamar ruwa a bokiti, ya ce a tsakiyar irinsu akwai baƙin rami da ya ninka rana nauyi sau miliyoyi, ko haske ya faɗa ba ya dawowa. Na ɗaga murya daga kujerar baya, "To wa ya leƙa ya ba ka labari?" Ya gane muryata, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Asali ba shi ke bayanin ba. Na'urar tana da muryarta, ta mutu tun yana saurayi, ya ce bari ya riƙe kafin a gyara. Da bakinsa ya saya wa kansa. Manaja ya ga abu na tafiya, gyara ya bi ruwa. Ya nemi hutu, ya nemi canjin wuri, amsa ɗaya ce: "In ka tafi wa zai yi magana?"

Bana idonsa ya fara zubar da ruwa in ya fito rana. Ƙaninsa ya samo masa gurbi a lambun sayar da shuke-shuke, aka ce kada ya wuce ƙarshen wata. Manaja ya ce sai ya bar madadi. Shi kuma kunya ta yi masa katutu, ba ya iya fita ba sallama.

Matarsa ta ce, "Kai ma dai! A ɗauki muryarka a waya mana."

Ni na riƙe wayar, shi yana murzawa yana bayani. Ashe hannun na'urar yana cijewa, kuma duk inda ya cije sai ya ja numfashi ya dake shi da gwiwa. Haka muryar ta shiga wayar, da tsayawarta da komai. Da aka kunna muryar aka sa maigadi ya gwada murzawa, murya na cewa "ga baƙin ramin", rufi na nuna wata.

Manaja ya ce, "Murya ta yi, madalla. Saura hannun da ya san ta."

Wata ya ƙare, lambu suka ɗauki wani. Yanzu yana zaune a duhun nan yana murzawa, bakinsa a rufe, yana sauraron kansa.

Jiya da ya dawo na tare shi. "Baban Taurari, yau me ka gaya musu?"

"Ni? Ban ce komai ba. Wancan ne ya yi magana."

Ya kare ido da tafin hannu, ya lallaɓa ya shige gida.