Wayar Goggo a Bayan Katanga

Tun kafin a ɗauke ni aikin akawu a kamfaninmu, Goggo tana nan. Kamfanin ƙarami ne, tayil da kayan famfo muke sayarwa: shago a gaba, ofis mai ɗaki uku a baya, sai sito da ɗan kicin. Goggo ce mai shara da dafa shayi. Ita ke riƙe da makullin ƙofar baya, ita ke fara zuwa, kuma a iya shekarun da na yi ina lura da kayan ofis, ko cokali bai taɓa ɓata a hannunta ba. In ta tsinci biro a ƙarƙashin tebur, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana cigiyar mai shi. Maigida kan ce da baƙi, "Wannan baiwar Allah ko sito na bar mata a buɗe, barcina zan sha." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai kamar an yi mata faɗa. Amma mun san maganar nan ita ce duk abin da ta tara a duniya.

Mijinta magini ne, ya rasu tun yaran suna ƙanana. 'Yan matan biyu sun yi aure a nesa. Saura Auta, wanda ya yi mana lodin tayil na ɗan lokaci, daga baya ya tafi wata ƙasa mai nisa, ya samu aiki a wurin da ake daskarar da kifi. A zuwansa na ƙarshe ya kawo mata babbar waya mai shafawa, ba layi a cikinta. Direbanmu, wanda muke kira Birki saboda ba ya son taka shi, shi ya ba Auta lambar sirrin intanet ɗin ofis. Auta ya haɗa wayar, ya koya wa uwarsa abu ɗaya: ta danna nan ta ji muryarsa, ta riƙe nan ta yi magana ta saki. Goggo ba ta karatu. Ya ce mata, "A kicin ɗin nan kaɗai take aiki, Inna. Kuma kada ki bari Maigida ya gani."

Daga nan rayuwarta ta samu tsari. Kullum da safe, kafin kowa ya zo, ta ɗora butar shayi, ta zaro wayar daga cikin tsumman da take naɗe ta, ta saurari abin da Auta ya aiko, ta mayar masa. Ba ta da wata hanyar jin ɗanta sai wannan. Duk wannan daga baya na ji shi, daga bakinta da bakin Birki. A lokacin, abin da muka sani kawai shi ne shayin Goggo yana zuwa da fara'a.

Sai aka yi mana kutse. Wata safiya kwamfutar da nake fitar da rasiti ta ƙi buɗe komai, duk takardun sun kulle. Da ƙyar aka ceto mafi yawansu. Maigida ya kira Injiniya, wani magidanci mai sanyin hali da ke kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni a unguwar. Injiniya ya duba ya ce gidanmu ba ƙofa, kowa na iya shiga. Ya ce muna bukatar katangar tsaro, wato na'urar da za ta tsaya tsakanin kwamfutocinmu da intanet kamar maigadi, ta duba mai shiga da mai fita.

Maigida ya ji farashin ta kamfani, wadda ake sabunta lasisinta duk shekara, ya ce a sake shawara. Injiniya ya ce akwai waɗanda masu su suka bar cikinsu a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara, ba a biyan lasisi. Ƙaramar kwamfuta mai ƙofar waya biyu kawai za a nema a ɗora mata. Ya kawo guda uku ya gwada a kan teburina, kuma na ga aikin mutum mai tsari. Ta farko sai an rubuta mata umarni da hannu. Ya ajiye ta, ya ce in ya yi tafiya ba wanda zai iya taɓa ta. Ta biyu mai sauƙi ce, amma an daɗe ba a fitar mata da gyara ba, ya ce katangar da ba a yi mata yaɓe ba ta jimawa. Ta uku ya zaɓa: ana sabunta ta a kai a kai, tana da shafin da ko ni zan iya karantawa, kuma masu amfani da ita suna da yawa, in ka maƙale akwai wanda za ka tambaya.

A taron da aka yanke shawara, ni na rubuta abin da aka faɗa. Injiniya ya ce katangar tana iya ware wata hanya daban don wayoyin ma'aikata da baƙi, wadda ba ta taɓa kwamfutocin aiki.

Maigida ya ce, "Baƙi? Injiniya, tayil nake sayarwa, ba wurin kallon ƙwallo na buɗe ba."

Birki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu ba baƙi ba ne, 'yan gida ne."

"Kai ne ma babban dalilin. Kana cikin mota kana kallon masu rawa, kaya suna jiran ka."

Aka yi dariya, aka tsayar da magana: na'urar da aka yi wa rajista kaɗai za ta shiga. Injiniya ya bi kowa yana tambayar abin da yake haɗawa. A gaban Maigida kowa ya zama waliyyi. Bayan ya fita kuwa, mai karɓar kuɗi ta lallaɓa da wayarta, Birki ya lallaɓa da tasa, Injiniya ya yi musu rajista yana murmushi. Har kicin ya leƙa.

"Goggo, ke fa? Kina da abin da kike haɗawa da intanet?"

Ta ce, "Ni ɗan nan? Sai dai ka haɗa mini tsintsiya."

Ya yi dariya ya wuce. Wayar tana cikin jakarta a lokacin. A ganinta, abin Maigida take ɗiba ba izini, kuma bakin da zai faɗi haka ba nata ba ne.

Washegari wayar ta yi shiru. Ta ɗaga ta wajen taga, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta kashe ta kunna kamar yadda ta ga muna yi. Haka ta yi ta yi kowace safiya.

Bayan kamar mako biyu Injiniya ya zo nuna wa Maigida yadda katangar ke aiki. Muna tsaye a bayansa, Goggo tana rarraba kofuna. Ya nuna wani layi a allon.

"Kun ga wannan? Wata waya ce da ba mu sani ba. Kullum da sassafe sai ta ƙwanƙwasa, katanga ta kore ta. Da can shiga take yi abinta."

Maigida ya ce, "Ka ji ko! Ashe ɓarawo muke ciyarwa ba mu sani ba."

Birki ya ce, "Mai facin taya ne na gefenmu, wallahi. Na daɗe ina zargin idon nan nasa."

Mai karɓar kuɗi ta ce, "Ɓarawo mai sammako, Allah ya ba shi aikin yi."

Na tuna Goggo ta ajiye mini kofi, shayin ya ɗan zube a kan takardata. Ta ba ni haƙuri fiye da yadda laifin ya kai. Daga ranar ba ta sake kunna wayar a ofis ba. Da Injiniya ya dawo wani zuwan, ya ba mu albishir cewa ɓarawon ya gaji ya haƙura.

Ba zama ta yi ba. Ta kai wayar wurin mai gyara a kasuwa, ya ce lafiyarta ƙalau, layi take so. Ta je sayen layi, aka ce sai da katin shaida, nata kuwa ya ɓata tun wata ƙaura da ta yi. Ta shiga bin ofishin katin ranakun da ba ta aiki, a ce ta dawo, ta dawo a ce na'ura ta lalace. Ba ta san ana iya haɗa wayar a wani wurin ba, tunda Auta ya ce mata kicin kaɗai. Ta rame. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce ƙafa ce ke damun ta. Na rubuta mata izinin zuwa asibiti, ba ta je ba.

Wajen wata biyu aka yi a haka. Ran nan Birki ya zo da wuri zai ɗauki kaya, ya same ta zaune a kicin, wayar a cinyarta a kashe. Ta dube shi ta ce, "Birki, don girman Allah, kada ka gaya wa kowa. Ni ce ɓarauniyar."

Birki bai rufa asirin ba, kuma na gode masa. Ya kira Injiniya, ya kira ni, ya tsaya a gaban Maigida ya ce shi ya ba da lambar tun farko, in kora ce a kore shi. Maigida ya dubi Goggo. Sannan ya ce, "Goggo, kunyata kika ji? A kan wannan?" Ya juya ga Injiniya ya ce a buɗe hanyar baƙin nan yanzu-yanzu.

Aikin bai kai shan kofin shayi ba. Injiniya ya karɓi wayar ya haɗa ta, ta fara ƙara ba tsayawa, saƙo na bin saƙo. Goggo ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ji ɗan banzan nan, zai cinye ni da faɗa." Za mu fita mu ba ta wuri, ta ce mu tsaya, yanzu ba abin ɓoyewa.

Na farkon duk tsokana ne. "Inna, kin yi sabon ɗa ne kika manta da ni?" "Tsohuwa, ko kin jefa wayar a tukunyar shayi?" Sai ya fara zancen tari, ya ce sanyin wurin aikin ne, ba komai. Sai wani da ya ce ya so kiran shagon, amma yana tsoron ya ja mata magana a wurin Maigida. Maigida ya dafa bango da ya ji wannan. Muryar ta ci gaba da sauka. Akwai wanda aka ji ƙarar na'urar asibiti a bayansa. Saƙon ƙarshe ba muryarsa ba ce. Wani ne da suke ɗaki ɗaya, yana magana a hankali, yana cewa duk wanda ya ji wannan ya sanar da mahaifiyar Auta cewa Allah ya yi masa rasuwa. An riga an yi masa sutura a can, kwanaki da suka wuce.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗora wayar a kan teburin kicin ta zuba mata ido. Mai karɓar kuɗi ta rungume ta tana kuka, Goggon ce ma take bubbuga bayan yarinyar.

Injiniya ya durƙusa a gabanta. "Goggo, ni na rufe ƙofar nan. Na ga ƙwanƙwasarki da idona, na yi dariya."

Ta ce, "Ka tambaye ni, ɗan nan. Har kicin ka zo ka tambaye ni." Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kai da ka san kayan nan. Ya tafi yana zaton fushi nake da shi?"

Injiniya ya ce a wayar Auta akwai alamar da ke nuna ko saƙo ya isa ko bai isa ba, kuma lallai duk nasa sun nuna masa ba su isa ba. Ta ce ba alama take tambaya ba. Sai Birki, wanda ya fi mu nutsuwa a ranar, ya ce akwai saƙon da ya wuce muna cikin ruɗu. Ya nemo shi ya kunna. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da muka matso.

"Inna, na ga ba ya shiga. Na san ba ke ba ce, wayar ce. Kada ki sa wa ranki komai. In ta gyaru za ki ji ni."

Ta sa aka maimaita mata shi, ta gyaɗa kai.

Maigida ya ba ta hutu, ya ce ta zauna iya yadda take so, albashinta na tafiya. 'Yarta babba ta zo ta tafi da ita. Kafin su tafi, Injiniya ya kwafe duk saƙonnin ya adana su a wuri biyu, ya nuna wa 'yar yadda za ta kunna mata su ko babu intanet. Na ji daga baya cewa duk ofishin da ya je kafa katanga, hanyar baƙi yake fara buɗewa, kuma ba ya tambayar masu shara da masu gadi a gaban kowa. Yakan jira sai wuri ya watse.

Goggo ba ta dawo aiki ba. Ta aiko da makullin ƙofar baya ta hannun surukinta, tare da saƙon a gaishe da kowa, kuma a ce wa Maigida ya yafe mata abin da ta sha na intanet ɗinsa. Ni aka ba saƙon in isar. Na isar da gaisuwar, na shiga ofishinsa da sauran maganar, na tsaya, ya ɗago kai yana jira. Da na faɗa, ya cire tabaransa ya rufe fuska da hannu biyu, na ja masa ƙofa na koma teburina.