Sunan Da Iya Ta Ƙi Faɗa

Wata ranar Laraba ce cikin sanyin shekarar 1976, ina ’yar shekara tara, na tsaya a gefen gadon kakata Iya a wani asibiti da ke kusa da gidanmu a unguwar Lewisham ta London, rungume da fulas ɗin kunu. Wani likita dogo ya nuna Baba da biro, ya ce a tambaye ta wane ne wannan, kuma mene ne sunansa. Ni aka sa na yi tafinta. Iya ta dube ni kamar na zage ta, ta ja mayafi, ta juya fuskarta bango.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta tura ma’aikata karatu waje, mu ma haka muka zo. Da ɓarin jikin Iya ya shanye a Malumfashi, Baba ya ga ai ga damar nema mata magani ta samu, ya sa aka ɗauko ta a jirgi. Kafin a kwantar da ita a asibiti ta yi makonni a falonmu kusa da hitar ɗumama ɗaki, tana zagin sanyin garin, tana cewa tuwon da Mama ke tuƙawa da garin samolina ko akuya ba za ta ci ba, amma tana cinyewa tas. Ni ce mai fasa mata goro, ni ce mai kawo ruwan alwala da ɗumi. Da hannunta ɗaya mai lafiya ta koya mini ’yar carafke da tsakuwar da na tsinto a filin makaranta, kuma ko sau ɗaya ban taɓa cinye ta ba. Matar da ta san sunan kowace jika da ranar da aka haife ta, ita ce aka ce ta manta ɗanta.

Baba ɗan farinta ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. “Mutumin nan” take ce masa, in ya shigo ɗaki sai ta kau da kai. Kowa a gida ya san wannan kunya ce, amma Turancina bai kai ya ɗauki wannan bayani ba. Baba kuwa ya sunkuyar da kai, don shi ma ba zai iya tsayawa a gabanta yana bayanin irin son da take masa ba. Sai a baranda ya bi likitan ya ce al’adarmu ce. Likitan ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce iyali sukan rufa wa tsofaffinsu asiri, ba laifi ba ne. Kashegari aka mayar da ita ɗakin tsofaffin da hankalinsu ya gushe, aka ce ba za ta iya tafiyar jirgi ba. Ita kuwa ba abin da take roƙo sai a kai ta gida ta mutu a ɗakinta.

A can ta daina zagi, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Wata Asabar ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ɗaga kai ta gyara mayafi.

“Tashi ki ba shi kujera,” ta ce. “Ga takun babanki nan.”

Ban ji komai ba, sai can ya shigo. Na ruga wurin nas ina haki, na ce Iya ta gane Baba tun bai shigo ba. Ta shafa kaina, ta ba ni biskit, ta ci gaba da ninke zanen gado. Na koma na zauna da biskit ɗin a hannu, baƙin ciki ya hana ni ci. A wannan ɗakin na asibiti Iya ta rasu, a nan London aka binne ta.

Yau ni nas ce ta tsofaffi a unguwar Barking, nan London, na yi karatun da ya ba ni ikon duba mara lafiya da rubuta magani da kaina. In tsohuwa ta juya mini baya, nakan ajiye biro na jawo kujera, na tambayi ’ya’yanta yadda take a gida. Yanzu ina da Turancin da zan yi wa likitan nan bayani har ya gane, sai dai babu shi, babu Baba, babu ita. Har ta koma ga Allah Iya ba ta kira sunansa ba, kuma ba ta taɓa manta shi ba.