Ranar da na buɗe wa shanun abokina fadama

Shekarun baya, tun ina da ƙarfin tsayuwa a kanti daga safe har magariba, na yi wani aboki Bature, makiyayi, a wani ƙauye da ke arewa da Lyon, bakin kogin Saône. Watanda ce ta haɗa mu. Kowace Sallah mu mutanen Rillieux, unguwarmu da ke gefen Lyon, mukan haɗa hannu mu sayi sa, a kai mayanka, a raba naman kashi-kashi. Ni ake aikawa zaɓe, domin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, falken shanu ne, na kuwa bi shi a ƙasa daga Dakoro zuwa kasuwannin kudu tun ban isa aure ba. Ban taɓa barin kowa ya manta da wannan ba.

Shanun abokina farare ne ƙal, ba tozo, ga faɗin baya kamar gado. Idan mun gama ciniki sai ya zuba mini gahawa, ya shiga tarihin ƙasarsu. Ya ce a zamanin kakansa kowane gida da garkensa, ana cin kasuwar shanu mako-mako, makaranta cike da yara. Yanzu filin kasuwar ya koma wurin ajiye motoci, an rufe makarantar, masu kiwo kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗansa tilo yana Paris yana aikin ofis. Ya ce kuɗin nama kaɗai ba ya riƙe gona, tallafin gwamnati ne ke tsayar da su, shi kuma yana zuwa da takardu da sharuɗɗa. Nakan gyaɗa kai don ladabi, amma a raina ina ganin abin kunya ne namiji mai garke ya jira hukuma ta ciyar da shi. Saboda haka ban taɓa tambayar ko mene ne sharuɗɗan ba.

Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, zafi ya sauko tun farkon watan Yuni. Aka sa ranar yi wa matarsa aiki a asibiti a Lyon, ga shi ba wanda zai bar wa dabbobi. Na ce ni zan zo in kwana biyu. Da safe ya zagaya da ni, ya nuna mini rumbun busasshiyar ciyawa da kwamin ruwa. Da muka iso wata ƙofar shinge sai ya tsaya.

"Alhaji, wannan filin na bakin kogi, bari in yi maka bayani..."

"Haba, maigida," na ce, "ina kora shanu tun kana ɗalibi a lakkol. Je ka kula da uwargida."

Ya dubi agogo, ya yi dariya, ya shiga mota.

Da hantsi na lura shanun sun bar busasshiyar ciyawar da na zuba musu, sun jeru a jikin shinge suna kuka. Inda suke tsaye an cinye shi har ƙasa. A ƙetaren shingen kuwa ga fadama, ciyawa kore shar ta kai ƙugu, iska na kaɗa ta, ba ko kofato ɗaya a ciki.

Ku yaran yanzu ba ku ga shekarun fari ba. Ni na ga shanun mahaifina suna cin tsumma da jinkar ɗaki, na ga sa ya durƙusa a hanya ya kasa tashi, mahaifina ya juya baya don kada mu ga fuskarsa. Wanda ya ga wannan ba ya iya tsayawa tsakanin saniya mai yunwa da ɗanyar ciyawa. Na ce a raina, lallai rashin lafiyar matarsa ce ta ɗauke masa hankali. Na yi bisimilla, na buɗe ƙofa.

Na rantse muku, na daɗe ban ji daɗi irin na wannan yini ba. Na shimfiɗa darduma a gindin bishiya, ina jin ƙarar tsinke ciyawa a bakinsu, ina ta shirya yadda zan karɓi godiya ba tare da nuna girman kai ba.

Washegari da la'asar ya dawo. Ya fito daga mota, ya hango farare a tsakiyar fadama, ya cire hularsa ya riƙe. Bai ɗaga murya ba. Sai da muka kora su waje ya rufe ƙofar, sannan ya gaya mini abin da na hana shi faɗa. Ya sa hannu a kan yarjejeniya da hukuma cewa ba kofato, ba lauje, da zai shiga wannan fili sai tsakiyar lokacin zafinsu ta wuce, domin akwai wata tsuntsuwa da ta kusa ƙarewa a ƙasar, tana zuwa daga Afirka ta yi ƙwai a ƙasa cikin doguwar ciyawa. A kan haka ake ba shi wani kaso na tallafin, kuma a shekarar fari irin wannan, da shi yake sa ran sayen abincin hunturu.

"Ashe 'yar wajenmu ce," na ce.

"Ita ce," ya ce. "Sai dai ita takardunta sun fi naka ƙarfi."

A nan na yi abin da ya fi buɗe ƙofar muni. Na matso, na rage murya, na ce in aka samu ruwa ɗaya ciyawa za ta miƙe, wa zai sani? Ya dube ni, ni da nake jan mutane salla in liman ba ya nan.

"Daga sama suke ɗaukar hoto yanzu," ya ce. "Ko ba su ɗauka ba, Alhaji, hannuna ne a takardar."

Ya ce zai kai kansa ga hukuma. Ɗiyata da ke Saint-Denis ce ta tsara mana wasiƙar bayani a waya, tana ta cewa, "Baba, kada ka yi musu wa'azi, ka faɗi abin da ya faru kawai." Na sa babbar rigata, na bi shi ofishin noma. Wata matashiyar ma'aikaciya ta saurare ni har na gama, har da labarin Dakoro, wanda ɗiyata ta ce in cire. Bayan wasu makonni amsa ta zo. Ba su soke yarjejeniyar ba tunda shi ya kai kansa, amma tallafin wannan fili na shekarar ya tafi.

Karsana biyu ya sayar, waɗanda ya ware don su zama iyayen garke. Na nemi in saye su in bar masa, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi kawai, in zo in kama masa igiya ranar da babbar mota ta zo ɗaukarsu. Na kama. Matarsa, da ta fara takawa da sanda, ta ce daga yau an naɗa ni sarkin ruwa, ba ruwana da ƙofofi. Mun ci gaba da sayen sanmu a wurinsa har ya bar kiwo.

Na daina raina mutumin da hukuma ke taimaka wa ya riƙe garkensa. Da a shekarun fari akwai wadda ta riƙe mahaifina, ko da sharaɗi ɗari, da ya sa hannu, da kuma wataƙila ban tsufa ina sayar da atamfa a ƙasar sanyi ba. Na kuma koyi barin mutum ya ƙarasa maganarsa, ko da yake iyalina suna da ja a kan wannan.

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani lungu a zuciyata da har yau bai tuba ba. Lokacin da na ba yayana labarin a waya, shi da ya zauna a gida bai taɓa fita ba, ya saurari batun tsuntsuwa da takardu da karsana har na gama. Can ya yi gyaran murya.

"Su shanun, sun ƙoshi?"

Na ce sun ƙoshi.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."